Ranar da Jatau Bai Sauko Ba

"Kogi ya gudu! Jama'a, kogi ya gudu!"

Ihun da Auta ta ji ke nan tun kafin ta gama jingine babur ɗinta a jikin ofishin awon ruwa. Mutane sai tururuwa suke ta kan gada, wasu da bokiti, wasu da buhu, wata mata har da tukunyar da ba ta gama wankewa ba. Ta kutsa cikinsu ta leƙa ƙasa.

Jiya da yamma da ta karanta sandar awo da ke jikin ƙafar gada, ruwa yana kan mita huɗu da rabi. Yanzu, ƙarfe bakwai na safe, a tsakiyar damina, bayan kwana uku ana tafka ruwa a kan tsaunuka, ko mita biyu bai kai ba. Rabin kogin ya zama fili. Abin da ya rage ya koma ya lafe a gindin dutsen gabas yana tafiya kamar marar lafiya. Kifaye suna ta tsalle a 'yan kududdufai, mutane suna tsinta suna shewa.

Can tsakiyar filin, a kan tsibirin yashin da ba a taɓa kaiwa gare shi sai da rani, ta hango shuɗiyar tifa. Ko a mafarki ta san motar nan. Yayanta ne, shi da 'yan lodinsa, shebur sai tashi yake yana sauka.

Ta kira wayarsa. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗaga.

"Auta, kin ga ikon Allah? Yashi kamar an tankaɗe! Yau sai na yi sahu goma."

"Yaya, ka fito daga nan."

"Me? Ɗaga murya, injin yana aiki."

"Na ce ka fito!"

"To uwar kogi, na ji. Bari in cika wannan." Ya kashe.

Auta ta faɗa ofis, ta zari kwalabe uku daga kan taga, ta gangara matakala da gudu.

Kwalaben na Baba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana awon kogin nan kafin ya makance, ita kuma ta gaji kujerar. Shi ya koya mata cewa kogin ba ɗaya ba ne, uku ne, kuma har suna ya sa musu kamar 'ya'yansa. Akwai Duna, baƙin rafin da ke ratso daji yana ɗebo ruɓaɓɓen ganye, ba ya sauri, ba ya fushi. Akwai Madara, wadda ke gangarowa ta kan farar ƙasa daga wani kwari mai faɗi. Sai Jatau, wanda ya fi su gajarta ya kuma fi su masifa, yana faɗowa daga tsauni mafi tsawo ta wani matsattsen kwazazzabo da ake kira Maƙogwaro, ja wur da laka. Da damina rabin ruwan kogin nasa ne. Suna haɗuwa a bayan kwanar dutse, inda ba a hangowa daga gada, amma ba sa gaurayewa nan take. Har ƙarƙashin gada suke zuwa a jere kamar zaren tabarma: baƙi, fari, ja. Kullum da safe Baba sai ya cika kwalba ɗaya daga kowanne ya ɗaga su a rana. Ita ma haka take yi, duk da abokan aiki suna tsokanarta wai ta gaji bokanci.

Ta shiga ruwan har gwiwa. Ta cika ta farko, baƙi. Ta matsa ta cika ta biyu, fari. Ta ƙara matsawa har ruwa ya kai mata ƙugu, ta dudduba gindin dutsen inda jan zaren yake bi tun tana goye. Babu shi. Ko ɗigo.

Ta koma sama da gudu.

Ogan ofishin yana zaune gaban na'urar da ke zana tsayin ruwa a allo, kofin shayi a hannu. Mutum ne mai son takarda da tsari, shekararsa biyu da zuwa garin. Auta ta dire kwalaben a kan teburinsa, biyu cike, ɗaya wayam.

"Malama, kin jiƙa mini fayil."

"Yallaɓai, a kunna jiniya."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "Jiniya? Ruwa ya ragu ne fa, ba ƙaruwa ya yi ba. Mu da muka kwana uku muna addu'ar ya sauka?"

"Ba sauka ya yi ba, tare shi aka yi. Dubi allon. Ƙarfe huɗu na asuba layin ya faɗo lokaci ɗaya kamar an sare shi da adda. Ruwan da ke janyewa don kansa a hankali yake yi. Jatau ne bai zo ba. Ƙasa ta zaftare ta toshe Maƙogwaro, ruwa yana can yana taruwa a baya awa uku ke nan. Ranar da toshiyar ta gaji..."

"Kin je kin gani?"

"Ga shaida nan a gabanka."

"Kwalba ce a gabana, Malama. Kwalba marar komai." Ya ajiye kofin. "Doka ta ce sai ruwa ya taɓa jan layi, mita shida. Kin manta bara da aka kunna ta bisa kuskure? Kasuwa ta watse, tsohuwa ta karye a ƙugu, ni aka kira na yi bayani a tsaye kamar ɗan makaranta. Yanzu in rubuta me? An kunna jiniyar ambaliya saboda babu ruwa?"

Auta ta zaro wayarta. Ta kira gida, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan teburin.

"Uwata," in ji Baba, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "tun asuba nake cewa a kira mini ke. Kogin nan ya canza murya. Ba na jin gurnanin duwatsu."

"Baba, kwalbar Jatau babu komai."

Oga ya ɗan gyara zama.

"Tun yaushe?"

"Ƙarfe huɗu."

"Innalillahi. Akwai mutane a ciki?"

"Rabin gari. Da Yaya, da motarsa, a kan tsibiri."

Ta ji tsohon ya ja numfashi. "Saurara da kyau. Na taɓa jefa fentaccen itace a kowannensu ina duba agogo. Duna wuni guda yake yi kafin ya iso gada. Madara awa uku. Jatau daga Maƙogwaro minti arba'in, wannan ma a ranar da yake cikin hankalinsa. Yau ko ashirin ba zai yi ba. Kafin ya fashe zai fara yoyo. In kika ga jan zare ya dawo siriri, da ɗanyen ganye da saiwoyi a kai, to ya taso. Kuma ki riƙe wannan: bakinsa yamma yake kallo kamar bakin bindiga. In ya fito da fushi ba ya bin hanyarsa, tsallake kogin yake ya doki gaɓar gari, daidai gangaren da motoci ke bi su sauka kogi. Wanda ya makara kada ya nufi gari. Dutsen gabas zai hau. Akwai hanyar awaki a bayan itacen ɓauren nan."

Oga ya share goshi. "Baba, da girmanka, in kuma babu abin da ya faru fa?"

"Sai ka ce tsohon makaho ne ya ruɗe ka. Ni na saba da dariya, yaro. Gawa ce ban saba da ita ba."

Oga ya dubi kwalbar, ya dubi allon. Ya zaro makulli daga wuyansa ya buɗe akwatin bango, ya danna maɓallin jiniya da kansa.

Jiniya ta tsage sararin sama. Auta ta ruga kan gada don ta ga mutane suna fita.

Ba su fita ba. Sun dai ɗago kai. Kowa ya san ma'anar jiniya: ruwa ya cika. Suka dubi ƙafafunsu a kan busasshen yashi, suka dubi juna, sai dariya ta ɓarke.

"Malama Mai Awo, injinku ya sha wani abu ne?"

"A kawo masa kifi ya karya!"

Wasu ma da ke cikin gari, jin jiniyar ya sa suka fito kallo, suka ga banza ta faɗi, suka gangara su ma. Auta ta bi su da kallo. Ta ƙara mutane ne, ba ta rage ba.

Ta koma ofis a guje, ta ciro lasifikar hannu daga cikin kabad, ta dawo tsakiyar gada. "Baba, kana ji? Yi musu magana. Ni ba za su ji tawa ba." Ta manna wayar a bakin lasifikar. Oga ya kashe jiniya.

Muryar tsohon ta fito da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Jama'a! Ni ne tsohon mai awo! Ku da na hana iyayenku wanka a ranar da kogi ya ci shanu arba'in, na taɓa yi muku ƙarya a kan ruwan nan? Ku dubi gindin dutse! Ina ja? Wanda ya ga jan ruwa ya ɗaga hannu!"

Kawuna suka juya gabas. Dariyar ta fara mutuwa.

"Jatau yana can sama an ɗaure shi, kuma igiyar ta kusa tsinkewa! Ku bar kifin nan, ba naku ba ne, tarko ne! Ku ɗauki yara ku hau!"

Matar nan mai tukunya ce ta fara. Ta kifar da tukunyar, ta suri 'yarta ta nufi matakala. Daga nan sai kowa ya ɓalle. Oga da kansa ya tsaya a bakin matakala yana jan mutane sama yana ihun a bi a hankali. Cikin minti goma filin ya zama babu kowa sai takalma da bokitai.

Sai shuɗiyar tifa.

'Yan lodi sun gudu. Motar tana ta kuka, hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi, amma ko taku ɗaya ba ta yi ba. Yashin saman ne kawai ya bushe, ƙarƙashinsa taɓo ne, kuma lodin da aka danƙara mata ya nutsar da tayoyin baya har rabi.

Auta ta cusa wayar a aljihu ta sauka.

"Malama, dawo!" in ji Oga. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta samu Yaya a durƙushe yana cusa duwatsu a ƙarƙashin taya, laka har gira.

"Yauwa, Auta, zo ki riƙe mini sitiyari. Ina juye yashin nan za ta fita."

"Yaya, bar ta."

"In bar ta? Shekara tara ina bin motar wasu kafin Allah ya ba ni wannan. Kin san ko matata ban taɓa bari ta kwana a waje ba, balle ita."

"Matarka tana kan gada tana kuka, ga ta can da jan mayafi. Ka tashi!"

"Minti biyar."

"Ba mu da shi!"

Ya shige motar ya ja ƙarfen juye kaya. Bayan tifar ya fara ɗagawa a hankali, yashi yana zuba. Auta ta juya ta kalli gindin dutse, addu'a take kada ta ga komai.

Ta gani. Wani siririn zare ja, bai fi faɗin tafin hannu ba, yana bin gefen farin ruwa. A kansa wani reshe ne yake juyi, ganyensa kore shar, saiwarsa da danƙararriyar ƙasa.

Ta ɗale matakin motar, ta zura hannu ta taga ta murɗe makulli ta zare. Injin ya mutu.

"Ke! Kin haukace ne? Ba ni makullina!"

"Yi shiru ka ji."

Da farko babu komai sai ɗigar mai. Sannan suka ji shi, can nesa a cikin tsaunuka, kamar ana gangaro da ganguna dubu a kan dutse. Wata iska mai sanyi da warin ɗanyar ƙasa ta bugo fuskarsu. Ƙananan duwatsun da ke kan yashi suka fara rawa.

Yaya ya diro. Ya damƙi hannunta ya nufi gangaren motoci.

Ta turje. "Ba can ba! Gabas!"

"Gabas ruwa ne! Ga hanya a bushe!"

"Can zai fara duka, Baba ya faɗa!"

"Mu shiga ruwa don mu guje wa ruwa? Auta!"

Ta ɗaga makullin ya gani, ta juya ta faɗa cikin kogin da shi. Ta san yayanta: ko bai biyo ta don ita ba, zai biyo don makullin. Ta ji faɗowarsa a bayanta yana zaginta yana salati a haɗe.

Ruwan ya kai mata ƙirji. Sanyin Duna ya kama mata ƙafafu, santsin duwatsu ya kwashe ta sau biyu, Yaya yana cafko ta ta wuyan riga. Jan zaren ya zama faɗin tabarma, ya zama faɗin ɗaki. Itatuwa suka fara wucewa. Ƙarar ta cika kunne har ba ta jin ihun mutanen gada, bakunansu kawai take gani a buɗe.

Hannunta ya kama saiwar ɓaure. Ga hanyar awakin nan, yadda Baba ya ce, siririya kamar igiya. Yaya ya tura ta sama, ta juyo ta ja shi. Suka hau da hannu da gwiwa, farce yana karyewa, ba wanda ya kalli baya sai da ƙirjinsu ya ƙi ɗaukar numfashi.

Jatau ya fito daga bayan kwanar dutse.

Ba ruwa ba ne, bango ne ja, da itatuwa a tsaye a cikinsa. Bai ko kalli hanyarsa ba. Ya tsallake kogin kai tsaye, ya ɗauki tifar kamar gwangwanin madara ya juya ta sau ɗaya, ya maka ta a gangaren motoci. Gangaren ya narke. Matakalar da mutane suka bi minti kaɗan da suka wuce ta ɓace. Gada ta girgiza, ta tsaya. A ƙarƙashin ƙafafunsu, ruwan da ya dawo daga dukan gaɓar ya lashi gindin ɓauren ya wuce.

Yaya ya zauna daɓas a kan dutse. Ya daɗe yana kallon inda motarsa take a da. Sannan ya miƙo hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Ba ni makullin."

Ta ba shi. Ya jujjuya shi, ya yi wata dariya da ta fi kama da kuka. "Sahu goma," ya ce. Ya jawo kanta ya haɗa da kafaɗarsa.

Sai da rana ta take suka zagayo ta kan gada suka iso ofis. Matar Yaya ta riƙe rigarsa ta ƙi saki. An ƙirga mutane gida gida, babu wanda ya ɓata. Oga ya ba Auta kujerarsa da wayarsa, don tata ta sha ruwa, ta kira Baba.

"Ya fita?"

"Ya fita, Baba. Motar ce dai."

"Ƙarfe ne. A ce masa ya zo in taɓa fuskarsa."

Oga ya ɗauki kwalbar nan da babu komai a ciki, ya goge ta da hankicinsa, ya mayar kan taga kusa da 'yan uwanta. A allo, layin ya haura jan layi ya fara saukowa a hankali. Ta taga kogin duk ya zama ja daga gaɓa zuwa gaɓa, babu baƙi, babu fari.

Auta ta fara jin barci yana fizgarta ke nan sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofa. Wani dogon mutum ya shigo, hular kwano irin ta masu fasa dutse a kansa, farar laka ta bushe a jikinsa tun daga takalmi har gemu. Ba ɗan garin ba ne. Hannunsa na hagu a naɗe yake da tsumma, jini ya ɓullo. Bai yi sallama ba sai da ya leƙa waje ya tura ƙofar ya rufe.

"Wace ce mai awon ruwa?"

"Ni ce."

Idonta ya tsaya a kan lakar jikinsa. Fara ce. Wuri ɗaya ne a duk tsaunukan nan ke da irin wannan ƙasa.

"Daga Madara kake," ta ce.

"Daga kwarin sama." Ya dubi jan kogin ta taga. "Da wannan launin ba za ki gane ba, ko kin cika kwalba ɗari. Madara ta tsaya tun ƙarfe tara. Kuma kwarinta ya ninka Maƙogwaro sau goma." Ya jingina da ƙofar, ya rage murya. "Akwai waɗanda ba su so in iso nan da labarin ba, suna bayana. Malama, awa nawa take yi kafin ta kawo gada?"